Yunitariyan Yunibasalis: cocin da ba ya tambayar aƙidarka

Yunitariyan Yunibasalis, wanda mabiyansa suke taƙaitawa da UU, wani tafarkin addini ne mai sassauci da ya fi ƙarfi a Amurka, hedkwatarsu tana birnin Boston. An kafa ƙungiyar a 1961 lokacin da ɗariƙu biyu suka haɗe, wato 'yan Yunitariyan da suka yi ƙungiyarsu tun 1825 da kuma 'yan Yunibasalis. Dukkansu daga cikin Kiristanci suka fito, amma yanzu da yawansu ba sa kiran kansu Kirista, kuma babu wata aƙida da sai ka furta kafin a karɓe ka. Abin da ya haɗa su alkawari ne na yadda za su zauna da juna.

Su Yunitariyan tun asali cewa suka yi Allah ɗaya ne ba uku ba, shi ya sa Musulmi in ya fara jin labarinsu sai ya ce ai waɗannan na kusa ne, to amma a bi a hankali, don na yanzu sun yi nisa da wancan zancen. Kuma sun sha wuya a kansa, a 1553 aka ƙona Michael Servetus da ransa a Geneva saboda ya musanta aƙidar Triniti, wato cewa Allah uku ne cikin ɗaya. A 1568 sarkin Transilbaniya (yankin da ke cikin Romaniya a yau) John Sigismund ya amince da dokar Torda wadda ta ba masu wa'azi 'yancin faɗin fahimtarsu, shi kuwa malamin da ya tsaya a kan lamarin, Ferenc David, ƙarshe dai a kurkuku ya mutu a 1579. Su kuma Yunibasalis hujjarsu ita ce rahamar Allah ta fi ƙarfin ya dawwamar da wani a wuta.

Inda abin ya fi ban sha'awa shi ne ibadar ranar Lahadi. Ana farawa da kunna wuta a cikin wani ƙoƙo mai ƙafa, alamar da wani mai zane Hans Deutsch ya zana a 1941 a Lisbon don aikin taimaka wa masu gudun 'yan Nazi. Fasto zai yi wa'azi, yau ya ɗauko daga Littafi Mai Tsarki, wani makon daga koyarwar Buddha ko wata waƙa ko ma binciken kimiyya, kuma a benci ɗaya sai ka ga mai imani da Allah yana zaune da wanda bai yarda akwai shi ba. A coci da yawa akwai lokacin da suke kira na murna da damuwa, mutum zai taso ya kunna kyandir ya ce an yi masa jika, na bayansa ya ce mahaifiyarsa tana asibiti, ba mai ba shi amsa ko nasiha, shiru kawai ake yi a saurare shi ya koma ya zauna.

Akwai kuma bikin fure da wani faston Yunitariyan, Norbert Capek, ya fara a Prague a 1923, kowa ya zo da fure ɗaya daga gida a zuba a tulu guda, in an tashi sai ka tafi da wanda wani ya kawo ba naka ba. Shi Capek ɗin 'yan Nazi suka kashe shi a 1942 bayan sun tsare shi a sansanin Dachau, amma bikin na nan har yau.

Fafutukar haƙƙin ɗan Adam a wurinsu ibada ce. Olympia Brown ta zama fasto tun 1863, lokacin da mace a kan mumbari abin mamaki ne, sannan fastonsu James Reeb duka aka yi masa har ya mutu a 1965 da ya je garin Selma a kudancin Amurka goyon bayan baƙaƙen fata. Masu sukarsu kuwa cewa suke wannan ai kulob ne na 'yan boko masu hali, yawanci Turawa, kuma addinin da ya karɓi komai me ya rage masa da zai ce a'a? Gaskiya tambayar tana da nauyi, su kansu suna muhawara a kanta.

A wajen Amurka akwai tsofaffin cocin Yunitariyan a Romaniya da Hungary da Ingila, da tsaunukan Khasi na Indiya tun 1887, har a Legas akwai wata 'yar ƙaramar jama'a ta Yarabawa da ta faro tun farkon ƙarni na 20.