Sistik faibrosis: me ake yi a ranar ganin likita?

Wace irin cuta ce wannan?

Gadonta ake yi, kamar sikila: sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar halittar, sannan a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi yaro mai cutar. A 1989 aka gano ƙwayar, mai suna CFTR. Idan ta samu matsala, majinar jiki takan yi kauri da danƙo, ta toshe hanyoyin iska a huhu, ta kuma hana ruwan narkar da abinci isa hanji. Cutar ta fi yawa a tsakanin Turawa, shi ya sa asibitocinta na musamman suka fi yawa a Turai da Amurka. Ana tabbatar da ita da gwajin gishirin da ke cikin gumi.

Yaro lafiyarsa ƙalau, don me za a kai shi?

Nan ne iyaye da yawa suke yin sakaci. Huhu yakan fara lalacewa a hankali, yaro na wasansa, babu zazzaɓi, babu wani tari na a zo a gani. Kafin a ji a jiki, wata ɓarnar ta riga ta zauna, kuma ba ta gyaruwa. A Amurka ƙa'idar ita ce a je duk bayan wata 3. Jarirai kuwa sun fi haka yawan zuwa. Ranar da mutum yake jin garau ita ce ta fi amfani, domin da awon ranar za a kwatanta idan ciwo ya taso.

To, me za a yi masa?

Za a auna nauyi da tsayi. Daga wajen shekara 5 ko 6, za a miƙa wa yaro bututu, a matse masa hanci, a ce ya cika ƙirji ya busa da iyakar ƙarfinsa har iskar ta ƙare. Na'urar tana nuna yawan iskar da ya fitar a daƙiƙar farko, kuma wannan lambar likita ke bi a kowane zuwa. Sai kaki: babba ya tofa a kwalba, ƙarami kuma a sa masa auduga a maƙogwaro ya yi tari. Ana neman ƙwayoyin cuta irin su Pseudomonas, wadda in an kama ta da wuri ana iya kawar da ita, in ta daɗe kuwa sai dai a yi ta lallaɓawa.

Bayan likita akwai nas, da mai koyar da dabarun fitar da majina daga ƙirji, da masanin abinci. Sau ɗaya a shekara a yi babban bincike: jini, hanta, hoton ƙirji, da gwajin ciwon suga daga shekara 10.

Me ya sa ba a zama a layi tare da sauran masu cutar?

Suna iya shafa wa junansu ƙwayoyin da ba su cika damun mai lafiya ba. Don haka kowa ɗakinsa daban, ma'aikata ne ke zagayowa, kuma a bar tazarar mita 2. Abin da ciwo, musamman ga matasa masu son abokin da ya san halin da suke ciki, amma dokar tana da hujja.

Me za a tafi da shi?

Jerin magunguna, na'urar shaƙar magani don a duba yadda ake amfani da ita, da tambayoyi a rubuce. A faɗi gaskiya in ana tsallake magani. Ba a zo don faɗa ba. Bayan gida mai maiƙo ma labari ne, domin yana nuna adadin Creon, maganin narkar da abinci, bai isa ba. Daga alade ake samo shi, kuma wannan na damun Musulmi. A tattauna da likita da malami kan hukuncin lalura, kada a daina sha a ɓoye.

Sabbin magunguna ba su rage zirga-zirgar ba?

Trikafta, da Amurka ta amince da shi a 2019, ya sauya rayuwar mutane da yawa. Amma ba kowane nau'in cutar yake yi wa aiki ba, kuma mai shansa sai an riƙa duba masa hanta.