Daga ina kuɗin farfaɗo da tsakiyar birni ke fitowa?

Me ke sa gini mai daraja a tsakiyar birni ya zama kango?

Lissafi ne ke ƙin fita. A ce gyaran tsohon bene zai ci miliyan 10: a sake rufi, a canja wayoyin lantarki da bututun ruwa, a fitar da hanyar tsira idan gobara ta tashi. Amma masu kiyasi sun ce bayan an gama, darajarsa ba za ta wuce miliyan 7 ba, saboda kuɗin haya a unguwar ya faɗi. Banki ba ya ba da bashin da ya fi ƙarfin abin da aka jinginar masa, mai ginin kuma ba zai zuba miliyan 3 a rijiya ba. Sai ya kulle ƙofa ya tafi, maƙwabcinsa ya bi sahu, titi ya mutu. Duk hanyoyin da za a ambata a ƙasa, wannan giɓin suke ƙoƙarin cikewa.

To, wa ke cike shi?

Da wuya a ga aljihu ɗaya ya ɗauki nauyin duka. Mai gini ya kawo nasa, banki ya ba da bashi, hukumar birni ta ƙara tallafi ko ta ba da fili da rahusa, wani lokacin gidauniya ta sa hannu. Kowannensu da sharuɗɗansa, shi ya sa haɗa kuɗin kan ɗauki lokaci fiye da aikin magina.

Ana yawan maganar rangwamen haraji. Yaya yake aiki?

Amurka ce misali mafi bayyana. Tun 1976 gwamnatin tarayya ke sauƙaƙa wa masu gyaran gine-ginen tarihi haraji, a 1986 kuma aka tsayar da rangwamen a kan kashi 20 cikin 100 na kuɗin gyara. Sharaɗi shi ne ginin ya kasance cikin rajistar wuraren tarihi, ya zama mai kawo kuɗin shiga kamar shaguna ko gidajen haya, hukumar kula da gandun daji da wuraren tarihi kuma ta amince cewa aikin bai ɓata asalin ginin ba. Dokar haraji ta 2017 ta ce a riƙa karɓar rangwamen kaɗan-kaɗan cikin shekara 5.

Sau da yawa mai gyaran ba shi da harajin da ya kai girman rangwamen. Sai ya jawo banki ko babban kamfani ya shigo a matsayin abokin tarayya: kamfanin ya ba da tsabar kuɗi yanzu, ya ci moriyar rangwamen daga baya. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne gwamnati ba ta sakin komai sai an kammala aiki an duba shi.

Shi kuma cin bashi a kan harajin gobe fa?

Nan ne ya kamata mai karatu ya buɗe ido. Tsarin, wanda ake kira TIF a taƙaice, ya fara a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1952. Hukuma ta shata unguwa, ta rubuta yawan harajin kadarori da ake samu a cikinta a yau. Daga nan ta ci bashi ta gyara tituna, magudanan ruwa da fitilu. Idan darajar gine-gine ta tashi, haraji ya ƙaru, ƙarin ne ake warewa a biya bashin, galibi tsawon shekara 20 ko fiye.

A takarda kamar kyauta ne, amma akwai ƙaya biyu. Idan darajar ba ta tashi ba, bashi na nan daram, kuma sau da yawa baitulmalin birni ne ke ɗauka. Idan kuma unguwar da ma za ta bunƙasa ko ba a taɓa ta ba, to an karkatar da kuɗin makarantu da sauran ayyukan jama'a ne zuwa ga wanda bai buƙata ba. Kalifoniyar da ta ƙirƙiro tsarin ita ce ta rushe hukumominta na sake gina birane, kusan 400, a 2012, lokacin da kasafin kuɗin jihar ya shiga matsi. A ganina bai halatta a taɓa wannan hanya ba sai mai neman tallafi ya buɗe littattafansa ya nuna cewa in ba da shi ba aikin ba zai yiwu ba.

Ƙananan masu shaguna ba su da abin yi ke nan?

Suna da shi. A 1970 'yan kasuwar wata unguwa a Toronto ta Kanada suka nemi a ɗora musu ƙarin haraji, a mayar musu da kuɗin su kashe kan shara, fitilu da ƙawata titinsu, kuma birane da dama sun kwaikwaya. Akwai kuma asusu mai juyawa, irin wanda wata gidauniya ta kafa a birnin Charleston na Amurka a 1957: a sayi gidan da ke shirin rushewa, a sayar wa wanda ya yi alkawarin gyarawa, kuɗin ya dawo a sayi na gaba.

Ina makomar waɗanda ke zaune a unguwar tun farko?

Wannan ce tambayar da ta fi damuna. Bayan dokar gidaje ta 1949, Amurka ta kashe kuɗin tarayya wajen rushe unguwanni sukutum da sunan sabunta birni, kuma baƙar fata da talakawa ne suka fi rasa matsuguni. Yau ba sai an kawo katafila ba, tashin kuɗin haya kaɗai ya isa ya kori ɗan hayan da ya jure wa unguwar lokacin da kowa ya guje ta.

Akwai wata hanyar. A Alƙahira, gidauniyar Aga Khan ta mayar da jujin da ya yi ɗaruruwan shekaru zuwa lambun Al-Azhar, wanda aka buɗe a 2005. A unguwar Darb al-Ahmar da ke maƙwabtaka da shi, an gyara gidaje da haɗin tallafi da ƙananan basussuka, mazauna suka biya wani kaso, aka koya wa matasa sassaƙa da gyaran gini, mutane kuma suka koma ɗakunansu bayan an gama. Saboda haka kafin hukuma ta sa hannu a kan kowane tallafi, a rubuta a cikin yarjejeniya gidaje nawa ne za su ci gaba da zama masu sauƙin haya, har tsawon shekara nawa, da kuma kuɗin da mai gini zai mayar idan ya saɓa.