Hubbaren Shehu

Hubbaren Shehu gida ne mai tarihi a cikin tsohon birnin Sakkwato, kusa da Masallacin Shehu. Nan ne mazaunin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na ƙarshe, kuma a cikinsa kabarinsa yake. Kalmar hubbare ta shigo Hausa ne ta bakin Fulani, asalinta kuwa Larabci ne, daga ƙubba, wato ginin da ake tayarwa a kan kabari.

Tarihi

Shehu bai daɗe a Sakkwato ba. Bayan hijirar Gudu a 1804 da faɗuwar Alkalawa a 1808, ɗansa Muhammadu Bello ne ya kewaye Sakkwato da ganuwa a wajajen 1809. Shi Shehu ya zauna a Sifawa yana karantarwa da rubuce-rubuce, sai a kusan 1815 ya taso zuwa Sakkwato da iyalinsa da almajiransa. Domin a sami wurin saukar wannan jama'a aka faɗaɗa ganuwar ta yamma, sabuwar unguwar ta ɗauki sunan Sabon Birni. Shekara biyu ke nan ya yi a gidan, rashin lafiya ta kama shi, Allah Ya yi masa rasuwa a watan Afrilu na 1817. An rufe shi a cikin gida, a ɗakin da ake cewa na matarsa Hauwa'u ne, mahaifiyar Bello.

Daga nan gidan ya zama makwancin zuriya. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a wajajen 1864, tana kwance kusa da mahaifinta. Sarkin Musulmi Abubakar na uku, wanda ya rasu a 1988 bayan shekara 50 a kan karaga, da Muhammadu Maccido da ya rasu a hatsarin jirgin sama a 2006, da Ibrahim Dasuki a 2016, duk nan aka kai su. Bello kuwa a Wurno yake, Abdullahi ƙanen Shehu a Gwandu.

Abin da ya raya gidan fiye da kaburbura shi ne karatun mata. 'Yan Taru, ƙungiyar da Nana Asma'u ta kafa, sun daɗe suna zuwa daga ƙauyuka da rani, kowace tawaga da jajinta a gaba, dattijuwa mai malfa da aka naɗe da jan ƙyalle. Modibbo, shugabar matan gidan, ita ke tarbarsu, su saurari waƙoƙin wa'azi, su koma su koyar.

Gini

Asalin ginin na ƙasa ne, irin na gidajen malamai: zaure a bakin ƙofa, sannan tsakar gida da ɗakunan iyali, katanga ta tubali, rufi na azara. Ba gidan sarauta ba ne, don haka ba a ƙawata shi kamar fada ba, kuma wannan ya dace da mai gidan da ya bar mulki a hannun ɗansa da ƙanensa. Gyare-gyaren ƙarni na 20 sun shigo da siminti.

Ziyara

Maziyarta na zuwa daga Nijeriya da Nijar da wasu ƙasashen maƙwabta. Akan tuɓe takalma a bakin ƙofa, a yi sallama, a yi addu'a, a ba masu jiran gidan sadaka. Malamai sun saɓa a kan neman tabarruki a wurin.