Ruwan Ƙwaƙwalwa da Laka: Aikinsa da Yadda Ake Gwada Shi

Ruwan ƙwaƙwalwa da laka wani ruwa ne garau, marar launi, da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da lakar da ta bi ta cikin ƙashin baya. A jikin babban mutum bai wuce kimanin mililita 150 ba, amma jiki na samar da kusan mililita 500 a kullum, wato yana sabuntuwa sau uku zuwa huɗu a kwana guda. Domenico Cotugno, likita ɗan Italiya, ya yi bayaninsa a 1764, sannan Heinrich Quincke na Jamus ya fito da hanyar ɗibarsa da allura ta baya a 1891.

Asali da aiki

A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai koguna huɗu, kuma a cikinsu akwai wani curin ƙananan jijiyoyin jini da ake kira koroid. Shi ke tace mafi yawan ruwan daga jini. Daga koguna biyu na gefe ruwan kan gangara kogo na uku, ya bi wata siririyar hanya zuwa na huɗu, ya fita ya bazu tsakanin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, daga ƙarshe ya koma jini ta manyan jijiyoyin saman kai.

Ƙwaƙwalwa na da nauyin kusan giram 1,400, amma da yake a cikin ruwa take, nauyin da ke danne gindinta bai wuce giram 50 ba. Ruwan na rage mata ƙarfin bugu, yana kuma kwashe dattin da take fitarwa. Idan hanyarsa ta toshe sai ya taru. A jariri, da yake ƙasusuwan kai ba su gama haɗewa ba, kan yakan yi ta girma, maɗiga ta kumbura.

Ɗibar ruwan

Majinyaci kan kwanta a gefensa, ya naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji, ya sunkuyar da kai domin ƙasusuwan baya su buɗe. Bayan an wanke wurin an kashe zafinsa, sai a soka allura tsakanin ƙashi na uku da na huɗu na ƙugu, ko na huɗu da na biyar. Dalilin zaɓen wurin shi ne laka a babban mutum ta ƙare tun wajen ƙashi na ɗaya ko na biyu, don haka allurar ba ta riskarta. Tsoron da wasu iyaye ke yi cewa “cire ruwan baya” na gurgunta yaro yakan samo asali ne daga ganin abin da cutar kanta ta haddasa. Ruwan kan ɗiga da kansa cikin ƙananan kwalabe uku ko huɗu, ba a zuƙo shi. Ba a yin aikin idan ana zargin ƙari ko kumburin da ke danne ƙwaƙwalwa, ko jinin majinyaci ba ya daskarewa. Illar da aka fi gani ita ce ciwon kai mai tsananta idan an tashi zaune.

A ɗakin gwaji

Gwajin farko da ido ne. Ruwan mai lafiya garau yake. Wanda ya yi fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa yana nuna fararen ƙwayoyin jini sun cika shi. Idan da ja, ana duban ko allura ce ta taɓa jijiya, wanda jan kan ragu daga kwalbar farko zuwa ta ƙarshe, ko zubar jini ce a kai, wadda kan bar ruwan rawaya bayan kamar awa 12.

A mai lafiya fararen ƙwayoyin ba su wuce 5 a maikurolita guda, furotin yana tsakanin miligiram 15 zuwa 45 a desilita, sukari kuwa kusan kashi 60 cikin ɗari na wanda ke jini. Saboda haka ake auna sukarin jini a lokaci guda. Lambar sukarin ruwan ita kaɗai tana iya yaudara, musamman ga mai ciwon sukari.

Sanƙarau na bakteriya kan kawo fararen ƙwayoyi ɗaruruwa zuwa dubbai, galibi nau'in niyutirofil, furotin ya hau, sukari ya faɗi ƙasa sosai. Na bairos yakan zo da wani nau'in fararen ƙwayoyin da ake kira limfosait, sukari bai motsa ba. Na tarin fuka shi ne mai ruɗi: limfosait ne, amma sukari ƙasa, furotin sama. Rinin Gram na nuna siffar bakteriyar a madubin ƙara girma, shuka ta a faranti na tabbatar da ko wace ce, gwajin PCR kuma, mai neman ƙwayar halittarta, na gano ta ko da an riga an fara magani. Ga masu ƙanjamau ana neman naman gwarin Cryptococcus.

Ruwan ba ya jira. Cikin awa biyu kusan rabin niyutirofil sun narke, kuma ba a sa wanda za a shuka a firji, domin sanyi na kashe Neisseria meningitidis, bakteriyar da ke haddasa annobar sanƙarau.

A ƙasar Hausa

Arewacin Najeriya da Nijar na cikin yankin sanƙarau da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, inda annoba ke tashi daga hunturu zuwa bazara. A 1996 mutum sama da 100,000 suka kamu a Najeriya. Gwajin wannan ruwa ne ke nuna rukunin ƙwayar da ke yawo, da shi kuma ake zaɓen rigakafi. Bayan allurar MenAfriVac da aka fara a 2010 ta karya rukunin A, gwaji ya nuna rukunin C ne ya haddasa annobar Zamfara da Sakkwato a 2017. Daga asibitocin karkara akan zuba samfurin a kwalbar Trans-Isolate, wadda ke raya ƙwayar har ta isa babban ɗakin gwaji. Haka nan ana ɗibar ruwan yaron da ya suma da zazzaɓi don bambance sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, wanda a shi ruwan yakan fito garau.