Ƙaron da muke tsinka da rigar da yake yi wa man tsirrai

'Yan'uwa manoma da masu tsinkar ƙaro, duk wanda ya taɓa ajiye man habbatus sauda ko man ɓawon lemo a cikin farar kwalba kusa da taga ya san yadda ƙamshinsa yake gushewa a hankali, har ya fara kartar maƙogwaro. Abin da ke kawo haka shi ne sinadaran da ke ba waɗannan mayuka amfaninsu ba su da juriya: wasu suna bin iska su tafi, wasu kuma iskar oksijin ce take lalata su, zafi da hasken rana suna ƙara mata sauri.

Maganin da masana'antun abinci da na magunguna suka samo shi ne su yi wa kowane ɗigon mai riga, kuma ɗaya daga cikin rigunan da suka fi amincewa da su yana fitowa ne daga dakwarar da ke gonakinmu, wadda Larabawa ke kira hashab. Sudan ce take samar da fiye da rabin ɗanyen ƙaron da ake fatauci a duniya, daga Kordofan da Darfur har zuwa Sinnar da Gadarif, kuma wannan ƙaron ne ake rubutawa da lambar E414 a jikin kwalaben lemo.

Wanda ya yi karatun allo ya riga ya ga asalin wannan hikima da idonsa. Idan almajiri ya dafa tawada bai sa mata ƙaro ba, baƙin yakan kwanta a gindin kurtu, ruwa ya taso sama. Da ƙaro kuwa sai su haɗu, rubutu ya kama allo har da sheƙi. Haka yake yi wa mai. Ana narkar da ƙaron a ruwa, a zuba man, inji ya kaɗa su har man ya rarrabu zuwa ɗigogin da ido ba ya gani. A cikin ƙaro akwai ɗan furotin, wajen kashi 2 cikin 100, wanda yake manne wa man, sauran jikinsa kuma yana fuskantar ruwa, don haka ɗigogin ba sa sake haɗewa. Daga nan sai a fesa haɗin cikin iska mai zafin digiri 150 zuwa 200, ruwan ya ƙafe nan take, a sami gari wanda kowace ƙwayarsa mai ne a lulluɓe, ba ya buɗewa sai ya sake haɗuwa da ruwa. Ana yin irin wannan da sitaci ko da sinadarin ciyawar teku, amma hashab mai tsabta yana da wuyar maye gurbi.

A nan ne damuwata take. A kakar da ta wuce na zazzage wani buhu a wani ƙauye, na tarar da yashi da ɓawon itace da gutsattsarin talha, wato ƙaron wani itace dangin dakwara, a cakuɗe da hashab, ƙasan buhun kuma ya jiƙe har ƙaron ya dunƙule. Mai shi ya sha wahalar tsaga itatuwansa da sunki, ƙarfen da ake tsaga ɓawon itace da shi don ƙaro ya fito, tun watan Oktoba, ya jira makonni kafin tsinkar farko, amma ƙarshenta ya sayar a farashi mafi ƙasƙanci, domin talha ba ta riƙe mai kamar hashab, kuma mai saye ba ya biyan kuɗin yashi.

Saboda haka ina roƙonku ku tsinki ƙaro daga jikin itace kafin ya faɗo, ku shanya shi a inuwa bisa tabarma mai tsabta, ku ware hashab daban da talha. Kada ku zuba shi a buhun da ya taɓa ɗaukar taki ko maganin ƙwari, domin ƙarshensa cikin abincin mutane ne, kuma ku ɗora buhunan a kan katako nesa da danshin ƙasa har ranar kai su kasuwa.