Ma'anar Rauta da Fitar da Ado a Gefen Ƙaramin Katako

Rauta, a bakin kafintoci, inji ne mai aiki da lantarki wanda ke juya wani ɗan ƙarfe mai kaifi da ake kira baki, domin ya sassaƙe gefen katako ya bar masa siffar da ake so. Bakin kan juya sau 8,000 zuwa 24,000 a minti ɗaya, wasu injinan ma su zarce haka, kuma wannan saurin ne ke sa gefen ya fito sumul. Siffar bakin ita ce siffar adon: akwai mai mulmule kusurwa, akwai mai yanke ta a karkace da digiri 45, akwai mai kwarmi, akwai kuma mai lanƙwasa biyu irin ta harafin S. Yawancin bakunan ado suna da ɗan boris a ƙarshensu, wanda ke bin jikin katakon yana hana kaifin shiga fiye da kima.

A kan babban katako aikin ba shi da wuya, domin nauyin katakon da faɗinsa suna ba injin wurin zama. Ƙaramin guntu kuwa, kamar murfin ɗan akwati ko gefen firam ɗin hoto, wani abu ne daban. Gindin injin ba ya samun inda zai daidaita, sai ya karkace ya ɓata adon. Idan kuma an ɗaure rautar a ƙarƙashin teburi ana tura guntun da hannu, bakin na iya fizge shi cikin ƙiftawar ido, alhali yatsu suna dab da kaifin. A ganina babu adon da ya kai darajar yatsa ɗaya, saboda haka dabarar da ta fi kowace ita ce a fitar da adon tun katakon yana babba, sannan a yanke ƙaramin guntun da zarto. Inda hakan bai yiwu ba, sai a matse guntun a cikin abin riƙo na katako, ko a manna shi a kan faffaɗan katako da salatif mai gam fuska biyu, yadda hannu zai yi nesa.

Ana tura katako ne ya fuskanci juyawar bakin, ba ya bi ta ba. A kan teburi wannan yana nufin daga dama zuwa hagu, ga mai riƙe injin a hannu kuma yana nufin zagaya gefen katakon ta waje akasin tafiyar hannun agogo.

Akwai kuma batun jijiyoyin itace, wanda masu koyo suka fi mantawa da shi. Idan bakin ya ratsa gefen da jijiyoyin suka ƙare, yakan tsage kusurwar da ya fita ta cikinta, a ga 'yan ɓaraguzai sun ɓalle. Shi ya sa ake farawa da waɗannan gefuna, daga baya a bi dogayen gefuna, waɗanda sassaƙarsu za ta share tsagewar. Kada a nemi cire naman katakon duka a tafiya ɗaya. A bi shi sau biyu ko uku, ana ƙara zurfi kaɗan-kaɗan, tafiyar ƙarshe ta zama mara zurfi sosai. Wanda ya tsaya a wuri ɗaya ko ya yi nawa wajen turawa zai ga baƙin tabon ƙuna a jikin adon, kuma goge shi a cikin lanƙwasa yana cin lokaci fiye da sassaƙar kanta.