Shin da gaske matashi ba shi da abin damuwa?

An daɗe ana cewa yaro bai san damuwa ba, tunda ba shi ke ciyar da gida ba. Shi ya sa idan annoba ta sa aka rufe makarantu, sai a ɗauka hutu kawai ɗalibi ya samu. Masu faɗin haka ba su da mugun nufi, nauyin da ke kansu ne ya sha musu kai.

Sai dai binciken masana ya nuna akasin haka. Kusan 1 cikin 7 na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma da yawan irin waɗannan larurori tun a ƙuruciya suke somawa. A wannan lokacin, abokai da makaranta su ne madogarar matashi. Dokar kulle ta lokacin annoba kan raba shi da su dare ɗaya, ga fargabar jarrabawa, ga tsoron rasa wani nasa.

Abin da ke ruɗa iyaye shi ne, damuwar matashi ba lalle ta zo da kuka ba. Sau da yawa saurin fushi ne. Yarinyar da a da bakinta ba ya hutawa sai ta ƙule a ɗaki, ta ture abinci, ta raba dare tana latsa waya, a ce lalaci ne ko rashin kunya.

Kowa na iya dubawa da kansa. A kwatanta barcin yaron, cin abincinsa da walwalarsa da yadda suke a da. Idan canjin ya kai mako 2 kusan kullum, a ja shi a jiki a tambaye shi ba tare da faɗa ba, sannan a ga likita. Idan kuwa ya yi zancen yi wa kansa lahani, kada a jira.

Don Allah a tura wa iyaye da malamai wannan bayani.